Ranar da Na Hau Bene da Gudu

Litinin, 1 ga Satumba

Ɗinkin kayan makaranta ya fara shigowa. Shagon Hajiya ya cika da yadi ruwan toka har bakin ƙofa, sai mutum ya tsallake kafin ya kai ga kekensa. Ni aka bar wa wuyan riguna, kamar kowace shekara.

Ƙafar ce ta tashe ni, ba kiran salla ba. Daga ƙugu take farowa, ta bi bayan cinya kamar ana jan zare mai zafi, ta je ta tsaya a ɗan yatsa. Tun haihuwar Auta muke tare da ita, ga Auta har ta shiga makaranta.

Sandata na ajiye wurin Iya mai kanti a kan kwana, bayan firjin lemo, inda na saba. Daga nan zuwa shago da ƙafata nake takawa, ina murmushi kamar wadda aka yi wa albishir. Iya ta ce, "Ke 'yar nan, wa kike ɓoye wa?" Na ce kowa, Iya. Mace ba ta kai arba'in ba tana dogara sanda, masu kawo ɗinki su ce me?

Talata, 2 ga Satumba

Bari in rubuta wannan don in tuna wa kaina in gode wa Allah. Kekena yana ƙasa, kusa da ƙofa, ƙarƙashin fanka. Sauran teloli duk suna sama. Bara Hajiya ta same ni a tsakiyar bene na dafa bango ina haki, ta sa aka sauko min da keken a ranar. Wurin nan shi ne aikina gaba ɗaya. Duk ranar da aka mayar da ni sama, to na gama ɗinki a shagon nan, na sani.

Rediyo ma ta sani. Tela ce a sama, tun da na san ta ban taɓa jin bakinta ya huta ba. Yau ta sauko ɗaukar zare, ta tsaya ƙarƙashin fankar ta buɗe hannuwa, ta ce, "Kai, wasu dai sun dace da ciwo. Ina ake sayar da irinsa?" Na yi dariya. Haushin kaina nake ji da na yi dariyar.

Da rana Mai Maɓalli ta sauko muka ci abinci a kwano ɗaya. Ita ce ke sa maɓalli da huda a can ƙuryar sama, kunnuwanta biyu a toshe da abin sauraro daga safe har yamma, ko tsawa aka yi ba ta ji. Ta ja labule ta shafa min man zafi a ƙugu. Ta ce in rabu da Rediyo, bakinta ne kawai. Ban da yarinyar nan da tuni na haukace a shagon.

Alhamis, 4 ga Satumba

Wata mai kawo ɗinki ta ji ana yi min ya jiki, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da kike ɓul-ɓul haka, ina ciwon yake?" Sai na ji kamar in ba ta haƙuri da ban rame ba.

Surukata ma da yamma, a waya: su da suka haifi tara ba su taɓa riƙe ƙugu ba, matan yanzu ne dai. Na ce haka ne, Mama.

Juma'a, 5 ga Satumba

Ya jiki? Da sauƙi. Ya jiki? Da sauƙi. Bakina ya iya shi ko ina barci.

Asabar, 6 ga Satumba

Ba zan iya rubutawa yau ba. 

Lahadi, 7 ga Satumba

Ina kwance rub da ciki, takardar a ƙasa, haka kawai zan iya riƙe biro.

Jiya bayan azahar Hajiya ta fita sayo zare. Ni kaɗai ce a ƙasa. Sai na ji ƙauri. Kafin in juya, hayaƙi ya turnuƙo ta ƙofar baya, inda janareto yake, sai ga muryar Mai Guga, yaron da ke mana gugar kaya, yana ihu, "Gobara! Janareto ya kama! Ku fita!"

Ƙofar waje tana gabana, taku kaɗan ne. Wallahi ban ko kalle ta ba. Abu ɗaya ne ya faɗo min: Mai Maɓalli tana ƙurya kunnuwanta a toshe, ba za ta ji ba. Ban san lokacin da na tashi ba. Ban san yadda na hau benen nan ba. Na dai ga kaina a sama, ɗankwalina ya faɗi, ina kiran sunanta kamar maƙogwarona zai tsage.

Duk suna tsaye. A jere, kamar masu jiran a ɗauke su hoto. Babu mai gudu, babu mai salati. Rediyo tana gaba ta ɗaga waya tana ɗaukata.

Sai ta ce, "Lale marhabin da gurguwa."

Aka fashe da dariya. Wata har da tafi. Mai Guga ya hawo da tsohon gwangwanin fenti a hannu, ƙyallayen da ya cinna wa garwashin guga suna ta hayaƙi a ciki, yana cewa, "Anti, wasa ne, wallahi wasa ne."

Na yi mutuwar tsaye.  Na nemi Mai Maɓalli da ido. Tana can baya, babu komai a kunnenta, tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba. Ita ba ta yi dariya ba. Wannan nake ta riƙewa tun jiya, ba ta yi dariya ba.

Daga nan ƙafar ta dawo. Ta dawo da duk abin da ta tara. Yadda na sauko, yadda na kai kantin Iya, Allah kaɗai ya sani. Iya ce ta tare min mota.

Mutane suka zauna, suka shirya, suka nemo gwangwani. Saboda ni. Har yanzu kaina ya kasa ɗauka.

Litinin, 8 ga Satumba

Ban iya tashi ba. Da rarrafe na je banɗaki. Maigida ya kira Hajiya ya ce ba ni da lafiya, ta ce, "To," ta kashe.

Talata, 9 ga Satumba

Bidiyon ya fita daga shago. Ƙanwar Maigida ce ta turo masa, har da 'yan fuskokin dariya a ƙasa.

Ya zauna bakin gado ya kalla. Ya maido shi farko ya sake kalla. Ina jin muryata tana fitowa daga wayar, ina kiran sunan yarinyar nan. Na zaci zai tashi ya ɗauki makullin babur ya je ya tayar da shagon. Sai ya juyo a hankali ya ce, "Ashe kina iya gudu haka?"

Ba da gatse ya faɗa ba. Mamaki ne tsantsa a fuskarsa, kuma shi ya fi yi min ciwo. Mutumin da yake ɗaga ni daga tabarma da hannunsa. Mutumin da ya sayo sandar.

Na juya fuskata bango. Ya ce, "Ba haka nake nufi ba." Ban tambaye shi yadda yake nufi ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Na koma aiki. Na tura ƙofa, sai ga Rediyo zaune a wurina, ƙarƙashin fankata, kekenta a inda nawa yake. Har ta rataya jakarta a ƙusar da na buga da hannuna.

Na tsaya riƙe da ƙofar. Na ɗauka idona ne.

Hajiya ta kira ni gefe. Ba ta dube ni ba, tana ta gyara yadin da ba ya buƙatar gyara. Ta ce ta yi musu faɗa sosai a kan hayaƙin, da yadin mutane ya kama fa? Yadin. Sannan ta ce, "Ni ban ce ƙarya kike yi ba. Amma na gani da idona. Shekara guda ana min ƙorafi ina kare ki, yanzu me zan ce musu? Kuma ke da bakinki kullum kike ce min da sauƙi."

Na ce, "Hajiya, wuta aka ce."

Ta ce, "To ki riƙa ɗauka kullum wuta ce, ki hau."

Wallahi haka ta ce. Har ta ɗan yi murmushi, tana ganin ta yi raha.

Na hau. Duk suna saurare, ina jin yadda kekuna suka tsaya. Na cije leɓe na hau a tsaye, ban dafa bango ba, don kada wata ta ce na fara. Da na zauna sai da na ga duhu.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na samo dabara. Ina riga kowa zuwa, mai gadi yana buɗewa ina shiga. In zauna a matakalar farko, in juya wa sama baya, in riƙa ɗaga jiki da hannuwa mataki-mataki har in kai. Da yamma in yi ta jan aiki har kowa ya watse, in sauko a zaune. Bayan zanena duk ƙura, sai in yafa mayafi ya rufe.

Banɗaki a ƙasa yake, don haka na daina shan ruwa a shago. Alwala daga gida nake riƙo ta.

Ni ce wannan? Ni da na koya wa rabin yaran nan yadda ake sa zare a bobin ɗin keke.

Litinin, 15 ga Satumba

Yanzu kujeru uku ne tsakanina da Mai Maɓalli, amma ta fi nisa da lokacin da nake ƙasa. Ta gaishe ni da safe idonta a kan allura. Da rana ta ce ba ta jin yunwa. Kwalbar man zafin tana cikin jakarta, ina hango murfin.

Sun sa min suna. Idan na miƙe ɗaukar almakashi sai wata ta yi ƙasa da murya ta ce, "Gobara." Sai a yi ƙus-ƙus.

Laraba, 17 ga Satumba

Asibiti. Na ba likita labari, ban nuna masa bidiyon ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Ya ce firgici yana iya rufe zafi na ɗan lokaci, ko mai karaya yakan yi gudu idan ransa ne a kai, daga baya jiki ya rama. Na ce likita, da za ka zo shagonmu ka faɗa.

Ya ƙara min magani. Ya sake maimaita abin da ya faɗa min tun shekarun baya, wai jijiyar ta riga ta taɓu, ciwon lallaɓawa ne, ba na rabuwa ba. Ya ce, "Mutanen gida sun san haka?" Na ce sun sani.

Ba su sani ba. Ko Maigida. Kullum ce masa nake ana kan magani.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ta kama ni.

Na ɗauka kowa ya tafi. Ina tsakiyar bene a zaune, takalmina a cinya, ina jan jiki, sai ga Mai Maɓalli ta dawo ɗaukar cajarta. Ta tsaya a ƙasa, ni ina sama da ita, muna kallon juna. Sai ta fashe da kuka, ta zauna a matakalar ƙarshe ta ba ni baya.

Ta ce, "Yaya, ni ce."

Na ce ke ce me?

Ta ce ita ta kawo shawarar. Wai sun dame ta da maganata, kullum ƙarya nake, kullum lalaci ne, har ranta ya ɓaci ta ce musu to ku gwada ta mana. Ku ce wuta ta kama, ku gani in za ta iya ko tashi daga kujera. Ta rantse musu ba zan iya ba. Ta ce so take ta rufe musu baki har abada. Ita ta ce a jira Hajiya ta fita. Ita ta nemo gwangwanin.

Jikina ya yi sanyi tun daga kai har ƙafar da ba ta taɓa yin sanyi ba.

Sai ta juyo, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce, "Yaya, me ya sa kika gudu? Na tsaya miki a gaban kowa. Me ya sa kika gudu?"

Ni take tambaya. Ni ce na ba ta kunya.

Na ce, "Da na zauna fa? Da na zauna ina kallon hayaƙi ina jiran wuta ta iso ni, kina sama kina leƙe, shi ne za ki ji daɗi kin ci gardama?"

Ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Kin san wurin wa na hau?"

Ta ce ta ji sunanta. Ta ce tun ranar ba ta iya sa komai a kunne ba. Amma kuma, don yarinyar nan ba ta iya ƙarya ba ko da za ta cece ta, ta ce da ta gan ni a saman benen sai da zuciyarta ta ce mata, anya?

Ta miƙo hannu za ta taimaka min in ƙarasa sauka. Na ce ta matsa. Na sauko da kaina a gabanta, a zaune, ban yi sauri ba.

Juma'a, 19 ga Satumba

Da Rediyo ce ta shirya, da na yi barci.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ina ta juya abin. Wadda ba ta yarda da ni ba ta ɗauke ni a waya. Wadda ta yarda da ni ta kunna min wuta. Duk su biyun hujja suke nema a jikina, kamar ni yadi ce da za a ja a ga ko zai yage.

Auta ta ce, "Umma, me ya sa kike kallon bango?" Na ce ina hutawa ne. Ta kawo min ruwa a kofinta na makaranta, rabi ya zube a hanya.

Talata, 23 ga Satumba

To. An yi ta ta ƙare.

Da tsakar rana shugabar wata makaranta ta zo duba samfurin riguna, ita da wasu iyaye mata biyu. Hajiya ta ƙwala min kira daga ƙasa, in sauko da rigunan da sauri. Na ɗebo su na zo bakin bene. Na sa ƙafar dama a matakala, ta ce ba ta san zancen ba. Na sake gwadawa, wani abu ya tsarga min har cikin haƙori. Na san idan na taka a tsaye, da ka zan isa ƙasa.

Hajiya ta sake kira, da muryar nan tata ta gaban baƙi.

Sai na zauna. Na ɗora rigunan a cinya, na fara saukowa yadda nake yi idan babu kowa. Mataki, in huta. Mataki, in huta. Kekunan sama suka tsaya.  Ɗaya daga cikin matan ta ce "Subhanallahi" a hankali ta kawar da kai. Rediyo ta ce, "An fara fim," amma babu wanda ya taya ta, ita ma ba ta ƙara ba.

Na iso ƙasa, na kama ƙarfen bene na miƙe, na miƙa wa shugabar rigunan. Ta karɓa da hannu biyu. Ta ce, "Sannu, ya jiki?" Bakina ya buɗe zai ba da amsar da ya saba. Na rufe shi.

Bayan sun tafi Hajiya ta ja ni ɗakin ajiya, idonta ja. Ta ce na kunyata ta, za a ce tana azabtar da ma'aikata. Ta ce in je gida in huta, idan na warke in dawo, wurina yana nan.

Na ce, "Ba zan warke ba, Hajiya."

Ta ce in daina mugun baki.

Na ce, "Ba baki ba ne, likita ne. Ya daɗe da faɗa min. Haka nake hawa benenki kullum kafin ki zo, haka nake sauka bayan kin tafi. Ki tambayi mai gadi. Ranar da na hau da gudu, kwana uku na yi ina rarrafe. Idan sai na warke zan dawo, to mu yi sallama yau."

Ban taɓa jin maganar da kunnena ba sai yau. A bakina ta fito, amma ni ta fi girgiza. Hajiya ta zauna a kan dilar yadi. Na ɗauki jakata na fito.

Laraba, 24 ga Satumba

Na faɗa wa Maigida bayan ya dawo daga aiki, yana cire takalmi. Ya tsaya da ɗaya a hannu.

Ya ce, "Tun yaushe kika sani?" Na faɗa masa. Ya ce, "Duk shekarun nan ina tambayarki ya jiki?" Na ce to me zan ce maka, kana fita da safe, in ɗora maka dutse a kai? Ya ce, "Da kin ɗora. Ni na zaci ana samun sauƙi, shi ya sa da na ga bidiyon nan..." Bai ƙarasa ba.

Ya fita bai ci abinci ba. Na ce shi kenan, yau kuma wani sabon abu. Sai ga shi ya dawo da guntun bututun ƙarfe da ƙusoshi, ya shiga banɗaki yana ta bugu. Ya kafa min abin kamawa a bango. A karkace yake, ban faɗa masa ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Zaman gida. Na share, na kwanta, na tashi, na kwanta. Hannuna yana ƙaiƙayin aiki.

Mai Maɓalli ta zo da la'asar. Na ce wa Auta ta ce ina barci. Auta ta je ta ce, "Umma ta ce tana barci." Ta ajiye kwalbar man zafi a bakin ƙofa ta tafi. Ban taɓa ba. Tana nan inda Auta ta ɗora ta, kan talabijin.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Hajiya ta kira. Babu ya jiki, babu komai. Ta ce, "Ki zo Litinin, an sauko da kekenki." Na ce to. Na san ba tausayi ne kaɗai ba, wuyan riguna sun taru kuma makarantu suna matsa mata. Ban damu ba. Ko na damu, ban fasa zuwa ba.

Na shafa man. Ƙugu bai san fushi ba.

Litinin, 6 ga Oktoba

An sauko da shi, amma ba wurina ba. Rediyo tana nan ƙarƙashin fanka. Ni an kai ni can baya kusa da ɗakin ajiya, bayan labule, inda masu kawo ɗinki ba za su gan ni ba. Babu fanka, ga ƙarar janareto a kunne. Amma ƙasa ce. Banɗaki yana kusa. Na sha ruwa kofi biyu a jere, kawai don ina iyawa.

Iya mai kanti ce ta ba ni labari, ita ba abin da ke wuce ta. Wai Mai Maɓalli ce ta tsaya gaban Hajiya ta faɗi komai, har da gwangwanin, ta ce in ba a sauko da keken ba ita ma ta bar aiki. Wai ita da Mai Guga suka kinkimo shi, har ya murƙushe mata yatsa a jikin ƙarfen bene.

Na ga yatsan a naɗe. Na kawar da kai. Ita ma.

Laraba, 8 ga Oktoba

Da rana Mai Maɓalli ta ɗaga labule ta tsaya da kwanonta a hannu, ba ta shigo ba. Ta ce, "Yaya, ya jiki?" Na ce, "Yau babu sauƙi." Ta gyaɗa kai. Ba ta ce Allah ya sawwaƙe da sauri yadda ake yi don a wuce wurin ba. Ta dai tsaya. Na janye yadin da ke kan benci, don yana tare min haske ne. Ta zauna.

Ban yafe ba tukuna. In rubuta, kada in manta.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na makara yau, motar ta ajiye ni nesa. Na wuce kantin Iya ina sauri, ta ɗaga min hannu, na ɗaga mata. Sai da na tura ƙofar shago na ji ƙwas, ƙwas a kan siminti, na duba hannuna.

Akwai masu kawo ɗinki uku a zaune. Rediyo ta kalli sandar, ta kalle ni, ta buɗe baki. Na tsaya ina jira. Sai ta ja ƙafafunta daga hanya.

Na jingine sandar a jikin keke, ta wajen labule, don ciki babu wuri.

Mantawa na yi ban ajiye ta wurin Iya ba. Ina jin mantawa ce.